AMANA DA GASKIYA A WALLAFA MUJALLUN ILMI: NAUYIN DA KE KAN MARUBUCI DA MAI TANTANCEWA DA EDITA

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya ɗauki mujallar ilmi ya karanta maƙala a cikinta, to ya gaskata mutanen da bai taɓa gani ba. Ba ya nan sa'ad da aka yi gwajin da ake ba shi labari, bai ga littafin da aka rubuta alƙaluman farko a ciki ba, bai kuwa zauna da tsofaffin da aka ce an yi hira da su ba. Abin da ya iso hannunsa shi ne 'yan shafuna da sunan marubuci da sunan mujalla. A kan wannan gaskatawa ne likita yake ba da magani, malami yake koyarwa, ɗalibi kuma yake aza harsashin kundin digirinsa. Idan aka ci amanar mai karatu a shafi ɗaya, ɓarnar takan bi duk wanda ya ɗora aikinsa a kan wannan shafi.

Maƙasudin wannan takarda shi ne a yi bayanin ƙa'idojin da ke tsare wannan amana. Za mu waiwayi asalin mujallun ilmi a taƙaice, sa'an nan mu ɗauki masu hannu a cikin aikin ɗaya bayan ɗaya, watau marubuci da mai tantancewa da edita da mawallafi, mu nuna nauyin da ke kan kowanne da kuma abin da ya auku a wuraren da aka yi sakaci da shi. Daga ƙarshe za mu dubi inda al'amarin ya shafi mujallun jami'o'inmu.

2.0 Asalin Mujallun Ilmi da Aikinsu

A shekarar 1665 ne mujallun ilmi biyu na farko suka fito a Turai. A watan Janairu Denis de Sallo ya fitar da Journal des sçavans a birnin Faris, a watan Maris kuma Henry Oldenburg, sakataren Ƙungiyar Masana ta Sarauta a Landan, ya fitar da Philosophical Transactions. Tun daga lokacin mujalla take yin ayyuka huɗu: ta rubuta ranar da bincike ya iso domin a san wanda ya riga wani, ta shaida cewa aikin ya cancanci a karanta, ta watsa shi, ta kuma adana shi don 'yan baya.

Abin lura a nan shi ne, al'adar aika kowace maƙala ga masana na waje su tantance ta ba ta game ko'ina ba sai bayan Yaƙin Duniya na Biyu. A 1936, da editan Physical Review ya aika wa Albert Einstein da sharhin wani masani a kan maƙalar da ya rubuta tare da Nathan Rosen, sai Einstein ya fusata ya janye ta, yana mai cewa bai ba da iznin a nuna wa kowa ita ba. Daga baya ta bayyana cewa mai sharhin ne ke da gaskiya. Ita kanta Nature sai a 1973 ta wajabta tantancewar waje a kan duk maƙalar binciken da za ta buga. Ke nan yawancin ƙa'idojin da za mu ambata sababbi ne, kuma galibinsu wata ɓarna ce ta auku kafin a kafa su.

3.0 Nauyin da ke kan Marubuci

3.1 Manyan Laifuffuka Uku

Ƙa'idar da gwamnatin Amurka ta fitar a shekarar 2000 ta taƙaita manyan laifuffukan bincike zuwa uku. Na farko shi ne ƙage, watau mutum ya rubuta sakamakon gwajin da bai yi ba. Na biyu shi ne murɗiya, watau ya yi gwajin amma ya jirkita alƙaluma ko hotuna, ko ya ɓoye waɗanda suka saɓa wa ra'ayinsa. Na uku shi ne satar ilmi, watau ya ɗauki kalmomin wani ko tunaninsa ko sakamakonsa ba tare da ya ambace shi ba. Ƙa'idar ta fitar da kuskuren da aka yi da zuciya ɗaya da kuma saɓanin ra'ayi daga cikin laifi. Wannan bambanci yana da muhimmanci ƙwarai, domin in aka hukunta mai kuskure kamar yadda ake hukunta maƙaryaci, to ba wanda zai sake fitowa ya gyara aikinsa.

Misalin da ya fi fito da laifin ƙage shi ne na John Darsee, wani matashin likitan zuciya a Jami'ar Harbad. A watan Mayun 1981 abokan aikinsa suka gan shi yana rubuta ranaku daban-daban a kan sakamakon da ya tattara cikin 'yan sa'o'i. Da aka tona sai aka iske ya daɗe yana haka tun yana Jami'ar Emori. Hukumar da ke ba da kuɗin binciken lafiya a Amurka ta haramta masa tallafinta har shekara 10.

Amma darasin da ya fi girma ya fito ne a 1987, sa'ad da Walter Stewart da Ned Feder suka buga nazarin da suka yi wa rubuce-rubuce 109 da Darsee ya fitar tare da abokan rubutu 47. A cikin wata maƙala ta 1981 da ta fito a New England Journal of Medicine akwai jadawalin wata zuriya mai gadon ciwon zuciya, inda aka nuna saurayi ɗan shekara 17 da 'ya'ya huɗu, babbansu yana da shekara 8. Watau dai ya haifi ɗan fari yana da shekara 8 ko 9 ke nan. Wannan jadawali ya wuce ta gaban abokin rubutu da masu tantancewa da edita, ba wanda ya tsaya ya yi lissafi. Tambayar da ta taso ita ce: mene ne amfanin sunan babban masani a kan maƙalar da bai karanta da idon basira ba?

3.2 Wane ne Marubuci?

A 1978 wasu editocin mujallun likitanci suka haɗu a birnin Bankuba na ƙasar Kanada don su daidaita tsarin rubuta maƙala. Wannan zama shi ya haifar da Kwamitin Editocin Mujallun Likitanci na Duniya, wanda a 1985 ya fitar da sharuɗɗan zama marubuci. Sharuɗɗan guda huɗu ne, tun bayan da aka ƙara na ƙarshe a 2013:

(a) mutum ya ba da gudummawa mai tsoka wajen tsara binciken, ko tattara bayanai, ko nazarinsu;
(b) ya sa hannu a rubuta maƙalar ko ya yi mata gyara mai zurfi;
(c) ya amince da kwafin ƙarshe da za a buga;
(d) ya yarda zai amsa tambaya a kan ingancin aikin duk ranar da ta taso.

Dole ne sharuɗɗan su cika duka huɗu. Saboda haka shugabancin sashe, ko samo kuɗin bincike, ko ba da aron ɗakin gwaji, ba su mai da mutum marubuci. Wurin irin waɗannan shi ne sashen godiya. Sa sunan wanda bai yi aiki ba muna iya kiransa sunan alfarma. Kishiyarsa ita ce a ɓoye sunan wanda ya yi aikin, ko dai ɗalibi ne da aka danne, ko kuwa marubucin haya da wani kamfani ya biya. Duka biyu ƙarya ce ga mai karatu game da wanda zai tuhuma in abu ya ɓaci.

Akwai kuma ƙananan laifuffuka da suka fi waɗannan yawa: aika maƙala ɗaya ga mujallu biyu a lokaci guda, sake buga tsohon aiki da sabon take, da gutsuttsura bincike ɗaya ya zama maƙalu huɗu ko biyar. Illarsu ita ce mai tattara hujjoji yakan ƙirga shaida ɗaya sau da yawa, ya ɗauka shaidu ne mabambanta.

3.3 Ɓoyayyar Maslaha

A watan Fabrairun 1998 mujallar The Lancet ta buga maƙalar Andrew Wakefield da abokan rubutunsa 12, a kan yara 12, wadda ta jefa shakku cewa allurar rigakafin nan mai haɗe da maganin ƙyanda da hangum da rubela tana da alaƙa da ciwon hanji da larurar otizim, mai hana yaro magana da cuɗanya yadda ya kamata. Abin da ba a gaya wa masu karatu ba shi ne Wakefield yana karɓar kuɗi ta hannun lauyan da ke shirin kai ƙarar masu yin allurar. Ɗan jarida Brian Deer ne ya fallasa wannan a 2004, abin da ya sa mutum 10 daga cikin marubutan suka janye fassarar da aka yi wa sakamakon. Ba a janye maƙalar baki ɗaya ba sai a watan Fabrairun 2010, kuma a watan Mayun shekarar aka soke sunan Wakefield daga rajistar likitocin Birtaniya.

A tsakanin wannan lokaci yawan yaran Ingila da ake yi wa allurar ya sauka daga kimanin kashi 92 cikin ɗari zuwa kimanin 80, har a 2008 hukumomin lafiya suka bayyana cewa ƙyanda ta sake samun wurin zama a Ingila da Wels. Manyan binciken da aka yi a kan dubban ɗaruruwan yara ba su sami wata alaƙa tsakanin allurar da otizim ba. Samun maslaha a cikin bincike ba laifi ba ne a kan kansa. Laifin shi ne ɓoye ta, domin an hana mai karatu abin da zai auna maganar da shi.

4.0 Nauyin da ke kan Mai Tantancewa

Maƙalar da aka aika wa mai tantancewa ajiya ce a hannunsa. Wajibi ne ya riƙe sirrinta, kada ya amfana da abin da ke cikinta kafin a buga, ya kuma mayar da ita in ya ga tana gogayya da aikinsa, ko marubucin abokinsa ne ko abokin gabarsa.

Abin da ya faru a Jami'ar Yel ya isa misali. A 1978 Helena Wachslicht-Rodbard, wata mai bincike a Cibiyoyin Lafiya na Ƙasa na Amurka, ta aika wa New England Journal of Medicine maƙala a kan aikin sinadarin insulin a jikin masu larurar ƙin cin abinci. Aka aika wa Farfesa Philip Felig na Yel ya tantance, shi kuwa ya nuna wa mataimakinsa Vijay Soman, wanda ke bincike a kan batu iri ɗaya, aka kuma ba da shawarar kada a buga. Soman ya kwafi wasu jimloli daga maƙalar ya zuba a tasa, ya aika wa wata mujalla da sunansa da na Felig. Sai aka yi katari wannan mujalla ta aika da ita ga shugaban matar don tantancewa, shi kuma ya miƙa mata. A 1979 ta buɗe ta ga kalmominta. Ta dage sai an bincika, kuma binciken da aka yi a 1980 ya nuna cewa ban da sata har da ƙagen alƙaluma, aka janye maƙalu da dama na Soman. Ramin ƙarya dai ƙurarre ne, amma da matar ta karɓi haƙurin da aka ba ta ta yi shiru, da ba a kai ga tono shi ba.

Da aikin mujallu ya koma kan intanet sai wata sabuwar dabara ta ɓullo. Mujallu da yawa sukan nemi marubuci ya ba da sunayen masanan da za su iya duba aikinsa. A 2012 aka gano Hyung-In Moon na Koriya ta Kudu yana ba da adireshin imel da shi ko mutanensa ke riƙe da su, watau shi ke tantance kansa. Abin da ya tona shi shi ne sharhin yabo yakan dawo cikin kwana ɗaya. A 2017 kamfanin Springer ya janye maƙalu 107 a lokaci guda daga mujallar Tumor Biology saboda irin wannan maguɗi.

Ya kamata kuma mu san iyakar tantancewa. Mai tantancewa yana duba ko hanyar bincike ta dace, ko hujja ta ɗauki hukuncin da aka aza mata. Ba kasafai yake ganin bayanan asali ba, saboda haka ƙwararren maƙaryaci yana iya wuce shi.

5.0 Nauyin da ke kan Edita

A watan Agustan 1994 British Journal of Obstetrics and Gynaecology ta buga maƙalu biyu na Malcolm Pearce, likitan mata a Asibitin St George's da ke Landan. Ta farko ta yi da'awar cewa an ɗauko cikin da ya zauna a wajen mahaifa an dasa shi a cikinta, har matar ta haihu lafiya. Ta biyu rahoton gwajin magani ne a kan mata 191 masu yawan ɓari. Bincike ya nuna babu wannan mata, ba a kuwa yi wannan gwaji ba. An soke sunan Pearce daga rajistar likitoci a 1995.

Abin da ya sa wannan lamari ya girgiza editoci shi ne, Pearce mataimakin editan mujallar ne, kuma cikin waɗanda sunansu ke kan maƙalar farko akwai Farfesa Geoffrey Chamberlain, wanda shi ne editan mujallar, shi ne shugaban sashen Pearce, shi ne kuma shugaban ƙungiyar likitocin mata da ta mallaki mujallar. Ba a same shi da hannu a ƙagen ba. Sunan alfarma ya karɓa bisa al'adar da aka saba. Duk da haka sai da ya sauka daga editanci da shugabancin ƙungiya. Mai dokar barci ne ya ɓuge da gyangyaɗi, kuma da yake muƙamai uku sun taru a hannun mutum ɗaya, babu wanda ya rage da zai tashe shi.

Wannan na cikin abubuwan da suka sa a 1997 wasu editoci a Birtaniya suka kafa Kwamitin Ɗa'ar Wallafa, wanda aka fi sani da COPE. Ƙa'idojinsa sun nemi edita ya yanke hukunci bisa ingancin aiki kawai, ya tsame hannunsa daga maƙalar da shi ko na kusa da shi ya rubuta, ya kuma bi diddigin duk zargin da ya iso gare shi ko da maƙalar ta daɗe da fita.

Idan kuskure ƙarami ne, sai a buga gyara. Idan ana cikin bincike kuma akwai shakku mai ƙarfi, sai a buga sanarwar damuwa. Idan kuwa ta tabbata ba za a iya dogaro da sakamakon ba, sai a janye maƙalar, a bar ta a wurinta da alamar janyewa da bayanin dalili, domin wanda ya riga ya karanta ya sani. Manufar janyewa ita ce tsabtace taskar ilmi, hukunta mai laifi kuwa aikin jami'arsa ne. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Mujallar da ta ɗauki shekara 12 kafin ta janye maƙalar Wakefield, ita ce a 2020 ta janye wata maƙala a kan maganin haidroksikulorokwin da cutar korona cikin kimanin mako biyu, bayan kamfanin Surgisphere ya ƙi ba da bayanan asali a duba.

6.0 Mawallafi da Kasuwa

Tun da aka fara tsarin da marubuci ke biyan kuɗin bugu domin mai karatu ya samu kyauta, sai kuɗin shigar wasu mujallu ya rataya a kan yawan abin da suka karɓa. Tsarin kansa alheri ne ga masu karatu na ƙasashen da ba su da halin sayen mujallu, amma ya buɗe ƙofa ga 'yan damfara. Jeffrey Beall, wani ma'aikacin laburare a Jami'ar Kolorado, ya riƙa tattara sunayen irin waɗannan mawallafa har zuwa watan Janairun 2017 da ya rufe jerin nasa, wanda kuma an soke shi da saurin zargin mawallafan ƙasashe masu tasowa.

A 2013 John Bohannon ya shirya maƙalar bogi a kan maganin ciwon daji, cike da kurakuran da ɗalibi zai iya gani, ya sa mata ƙagaggun sunayen marubuta da cibiyoyi na Afirka, ya aika wa mujallu 304. Guda 157 suka karɓa, 98 suka ƙi. Bai gwada mujallun da ake saye ba, don haka ba za a ce laifin tsarin kyauta ne kaɗai ba.

Daga baya sai ga kamfanonin ƙera maƙalu, masu sayar da gurbin suna ga duk mai kuɗi. A 2023 aka janye maƙalu fiye da 10,000 a duniya, fiye da 8,000 daga cikinsu daga mujallun Hindawi, kamfanin da Wiley ya saya a 2021. A shekarar ne kuma COPE ta bayyana cewa manhajar ƙirƙirarriyar basira ba ta zama marubuciya, domin ba ta iya ɗaukar alhaki. Wanda ya yi amfani da ita ya faɗa, kuma duk abin da ta rubuta yana wuyansa.

In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Muddin ƙarin girma ya dogara a kan ƙirga maƙalu maimakon karanta su, to za a sami mai sayarwa da mai saye. Wannan ne ya sa Sanarwar San Faransisko ta 2012 ta nemi a riƙa auna bincike da abin da ya ƙunsa, a daina auna shi da martabar mujallar da ya fito a ciki.

7.0 Inda Al'amarin ya Shafe Mu

A jami'o'inmu ma ƙarin girman malami yana rataye da yawan abin da ya wallafa, saboda haka matsin da muka bayyana ba baƙo ba ne a wurinmu. Bugu da ƙari, mujallun da ake bugawa da Hausa suna da wasu matsaloli na kansu.

Na farko, masana kowane fanni ba su da yawa, kuma kusan kowa malamin wani ne ko ɗalibinsa. Ko an cire suna daga maƙala, salo da batu sukan nuna mai ita, kunya da girmamawa kuma su hana faɗin gaskiya. Na biyu, a mujallar sashe sau da yawa edita shi ne shugaban marubutan, irin haɗuwar muƙaman da muka gani a lamarin Pearce. Na uku, manhajojin gano satar ilmi kalmomi suke kwatantawa, don haka wanda ya fassara aikin wani daga Ingilishi ko Larabci ko Faransanci zuwa Hausa ya sa sunansa yana iya kuɓuce musu. Fassara aiki ne mai daraja, amma sai an kira ta da sunanta an ambaci mai asali. Na huɗu, yawancin bincikenmu daga bakin mutane yake fitowa: mawaƙa da maroƙa da masu sana'a da tsofaffi. Haƙƙinsu ne a nemi yardarsu, a ambace su in sun so, a rubuta wuri da ranar hira, a kuma adana abin da aka naɗa domin wani ya iya komawa kansa.

Saboda haka muna ba da shawara ga kowace mujalla ta buga ƙa'idojinta a kowace fitowa. Ta aika kowace maƙala ga masana biyu, aƙalla ɗaya daga wata jami'a dabam. Ta miƙa maƙalar edita ko ta ɗalibinsa ga wani edita. Ta rubuta ranar karɓa da ranar amincewa a ƙasan kowace maƙala. Ta kuma keɓe shafi don gyara da janyewa. Aikin da aka ciro daga kundin ɗalibi kuwa, sunan ɗalibin ne ya kamata ya zo a gaba. Haka kuma sanya mujallu a dandali irin na African Journals Online, wanda ya fara aiki a 1998, yana ƙara yawan idanun da ke kan aiki, abin da ke wahalar da ɓarawo.

8.0 Kammalawa

A wannan takarda mun nuna cewa amanar mujalla tana hannun mutum huɗu, kuma a kowane misali da muka kawo ɓarna ta wuce ne domin wani a cikinsu ya ɗauka wani ya riga ya duba. Mun kuma ga cewa waɗanda suka tona asirin galibi ƙananan ma'aikata ne, ko mai bincike da aka zalunta, ko ɗan jarida, watau mutanen da ke iya cutuwa in sun yi magana. Don haka tsarin da bai kare mai fallasa ba, bai cika ba. Muna fata wannan taro zai ɗauki shawarwarin da muka kawo ya tattauna su, ya kuma kafa kwamitin da zai tsara ƙa'idoji na bai-ɗaya, a rubuce da Hausa, waɗanda editocin mujallunmu za su amince da su su yi aiki da su.